Jirgin Lyon Bai Jira Ƙanwar Mamman Ba

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Wadda ta shigo yi mini gaisuwar rasuwa, kafin ta gyara zama a tabarma sai ta ce, to Dije, yaya Faransar take? Wai da gaske ne ba sa tuƙa tuwo, da gaske ne jirgi na tafiya a ƙarƙashin ƙasa? Nakan ce da gaske ne, in yi shiru, har an fara cewa na kwaso rowar magana irin ta Nasara. Ku kuwa kun san bakina ba ya zama. Labarin ne ba ya faɗuwa gutsi-gutsi. Ga shi nan gaba ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa saura.

Yaran yanzu ba su san Yaya Mamman ba, sai tsofaffin Damagaram, su ma da sunan Mamman Jirgi suka san shi. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Babanmu mai jakai ne, yana kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa wurin awo, daga nan kamyo, wato babbar motar kaya, ya ɗauka zuwa Kano inda layin dogo ya fara. Yaya yana yaro ya bi wani kamyo har Kano, ya ga jirgin ƙasa da idonsa, bai ƙara warkewa ba. Ya yi lakwal, wato boko, gwamnati ta tura shi Faransa, ya tafi yana cewa zai koyo aikin ya jawo layin har ƙofar gidanmu. Layi bai zo ba, shi ma bai dawo ba. Can ya yi aikin jirgi har ya tsufa, a wani gari da ake kira Lyon.

Da yake ya san karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, kaset yake aiko mini. Bayan gaisuwa kaɗan sai ya koma kan hanya. Yakan ce, Dije, ba wayo Turawa suka fi mu ba, hanya suka fi mu. Wai kusa da garin da yake akwai duwatsu masu gawayi a cikinsu, da can a bayan alfadarai ake sauko da shi, kamar jakan Baba, kafin ya kai kasuwa kuɗin ɗauka ya cinye riba. Sai suka haƙa wa ruwa hanya da hannu, doki ɗaya yana tafe a gefe yana jan kwalekwalen da ya ɗauki kayan garken jakai. Daga nan aka yi jirgin ruwa mai hayaƙi wanda yake haura kogi ba ya jiran iska, daga baya aka shimfiɗa ƙarfe. Da gawayi ya yi araha, maƙera da masu narka ƙarfe da masu gilas suka taru a bakin hanyar, ƙauye ya zama birni. Yakan ƙara da cewa masu alfadaran can sun yi kuka irin wanda Baba ya yi ranar da kwalta da kamyo suka sa ya sayar da jakinsa na ƙarshe, amma su ɗiyansu sun samu masana'anta sun shiga, mu gyaɗarmu ce kawai ta samu hanyar fita. Ina tsinke zogale ina saurare, har na haddace.

Abin da wasunku suka sani ba sa faɗa shi ne ni da Yaya ba mu rabu lafiya ba. Lokacin da Inna ta kwanta ciwon ajali an buga masa waya, ya taso. Jirgin sama ya kawo shi Yamai cikin yini guda, amma damina ce, ruwa ya cinye wata gada, ya kwana uku a hanya. Ya iso an yi sadakar uku. A gaban mutane na ce masa, ka je ka yi wa Nasara hanya ka rasa ta zuwa wajen uwarka. Ya yi kwanakinsa ya koma, bai sake takowa ba. Kaset bai daina zuwa ba, daga baya salula ta shigo, amma ni iyakata da shi ina kwana, ina gajiya, a gaida iyali. Haka muka yi shekara ashirin da ɗoriya.

Sai bara matarsa Mariyama, ƴar Maraɗi ce, ta kira ta ce jikin ya yi nauyi, kuma ba ya ambaton kowa sai ni. Na ce zan zo. Ni da ban taɓa wuce Maraɗi ba, wadda ko biki a wata unguwa sai an yi ta lallashi. Magana ɗaya na ƙulla a bakin zane: in durƙusa a gabansa in ce Yaya ka yafe mini. Ita ce guzurina.

Da labari ya bazu, gidana ya koma tasha. Duk mai ɗa ko jika a Faransa ya kawo saƙo. Kilishi, cuku, daddawa, kuka, yaji, turaren wuta, har da wata tsohuwa da ta kawo hula ta ce a ba jikanta, ba ta san garin da yake ba amma dogo ne baƙi. Ban mai da na kowa ba. Balis biyu, wato akwatunan tafiya, ɗaya da rabi duk amanar mutane.

Muka tashi da asuba a kar, babbar motar fasinja. A bakin gari aka tsaya kusan rabin awa ana jiran wata Hajiya da ta makara, ɗanta ya kira direba ya ce tana hanya. Ba wanda ya yi fushi, aka yi ta tsokanarta da ta shigo tana haki. Tasawa, Maraɗi, Ƙwanni, Dogon Dutse, Doso, ƙafafuna suka kumbura kamar an hura. Wani mai sayar da albasa da ke kusa da ni ya yi ta ba ni labarin buhunan da suka ruɓe masa a hanyar Kwatano, na ce a raina da Yaya na nan da ya samu abokin hira. A Yamai na sauka gidan ɗiyar ƙawata, na yi sati uku ina jiran biza. Hoto ma sai da aka sake mini sau biyu, wai in tura kallabi baya, wai kada in yi murmushi. Wa ya ce musu ina da murmushin yi?

Jirgin sama ba zan ce muku komai a kansa ba, idona a rufe na yi shi ina salati. A filin jirgin Paris wani ɗan duwan, mai binciken kaya, ya buɗe balis, warin daddawa ya buge shi ya ja da baya. Ya ɗaga ƙullin kilishi yana tambaya, ni ina ce masa ɗanɗana mana. Nama ba ya shiga ƙasarsu, aka kwashe shi duka da cukun aka zuba a wani bokiti. Na tsaya ina lissafa masu shi ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin da wane ido zan kalle su.

A waje na tarar da Nafisa, ɗiyar Yaya tilo, haifaffiyar can. Ban taɓa ganinta ba sai a hoto, amma goshin Inna ne sak. Ta bar gefen gadon ubanta ta taho taryata saboda ba na jin Faransanci. Ta rungume ni ta ce Tanti, Hausarta tana tafe tana tuntuɓe. Ko gajiya ba ta gama tambayata ba ta ce likita ya ce kwanaki suka rage, wataƙila ma ba su kai ba, akwai jirgin ƙasa daga nan filin zuwa Lyon, mu wuce yanzu. Raina ya ɓaci. Na ce mata ba a yi wa mai rai lissafin kwana, likita ba shi ya busa ran ba. Na karɓi salularta na gaida Yaya, na ce yaya jiki, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Na ce kin ji ko? Ni da nake jin motsin kyanwa a bayan ɗaki, ban ji yadda yake jawo numfashi tsakanin kalma da kalma ba? Na ji mana. Amma wane Bahaushe ne ya taɓa cewa babu sauƙi?

Na ce sai na sauke amanar mutane tukuna, kuma Hajiya Rabi, ɗiyar maƙwabcinmu ta dā, ta gyara mini ɗaki a Clichy, a gefen Paris. Nafisa ta kalle ni, ta sayi tike na safiyar gobe, ƙarfe goma.

Clichy gidaje ne dogaye kamar an jera akwatuna, mutum a kan mutum. Hajiya Rabi tana hawa na tara, asansar, na'urar da ke hawa da mutane, kuma ta lalace, muka hau da ƙafa ina hutawa a kowane hawa. A matakala na ji Bambaranci, na ji Larabci, na ji wata uwa tana zagin ɗanta da Zabarmanci, sai na ɗan ji daɗi. Maƙwabci yakan wuce ka da kalma ɗaya bai tsaya ba. Tuwon da Hajiya ta yi mini na garin alkama ne mai tsaki-tsaki, miyar kuka ce ta rufa masa asiri. Taga a rufe, ƙofa a rufe, ba tsakar gida, ba inda za ka zubar da ruwan alwala. Na tambaye ta inda suke shanya, ta nuna mini wani ƙarfe mai ɗumi a jikin bango.

Gari na wayewa masu karɓar saƙo suka fara zuwa, ɗalibai da ma'aikata, kowa yana son jin labarin gida. Na ba masu kilishi haƙuri, aka yi dariya. Muna shirin fita sai ga wani dattijo, Alhaji Ɗan Tanin, ya shekara arba'in a can, ya hau jirgi biyu da kar ɗaya don kawai ya gaishe ni. Ya zauna ya fara tambayar mutanen unguwarsu gida-gida, ina ce masa wane ya rasu, wance ta rasu, yana share ido da bakin rawani. Kowane suna sai mun yi masa addu'a. Nafisa tana tsaye da jaka a kafaɗa, tana duba agogo tana cewa Tanti, Tanti. Na ja ta gefe na ce ba a tashi a bar babba da magana a baki. Ta ce jirgi zai tafi.

Abin da na ce mata, har gobe ina jin sa a kunnena. "Ki kira direban ki ce ya ɗan dakata, tsohuwa ce. Ubanki ya yi musu aiki shekara talatin, ba za su jira ƙanwarsa ba?"

Da gaske nake, ban ga abin mamaki a ciki ba. Hajiya Rabi ma ta ce ba na fita ban sa komai a ciki ba, na kurɓi kunu a tsaye.

Muka yi kar, muka yi jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane kamar tururuwa ba mai kallon wani. Matakalar da ke tafiya da kanta ta kusa kayar da ni, wani Balarabe ya riƙe mini balis. Da muka fito gar ɗin, wato tashar jirgin ƙasa, Nafisa ta ɗaga kai ta kalli allo, kafaɗunta suka sauka. Minti shida da tashinsa. Na ce to ina yake, ba ya tsayawa a bakin gari? Na tambaya ko ya cika ne ya tashi. Ta ce ko ba kowa a ciki tashi yake. Ranar kuma jajibirin hutunsu ne, jiragen da ke biye duk sun cika, ba mu samu wuri ba sai na bayan la'asar.

Muka ajiye kaya a ma'ajiya. Nafisa ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta yi gaba ina bin ta har bakin wani ruwa kusa da gar, miƙaƙƙe, an ɗaure gefensa da dutse. Ina ganinsa na gane shi, irin hanyar ruwan da ke cikin kaset ce. Wani jirgi ya shiga tsakanin ƙofofi biyu, aka rufe, aka sako ruwa, ya riƙa tasowa a hankali kamar ƙwarya a randa, aka buɗe ya wuce. Nafisa ta ce nan Papa yake kawo ta duk lokacin da suka zo Paris, yana ce mata ta nan dutsen gini da itace da hatsi suka riƙa shigowa har garin ya yi ƙiba. Yanzu masu yawon buɗe ido ne a ciki suna ɗaga mana hannu. Ta kira uwarta, suka yi magana da Faransanci, sai ta miƙo mini ta ce Papa ya farka, in yi masa magana. Na ce ta gaishe shi, ta ce masa muna tafe. Maganar da na ɗauko ba ta salula ba ce, sai ido da ido.

Jirgin da muka shiga ba ya kaɗawa, ba ya ƙara. Na ajiye kofin ruwa a gabana ko girgiza bai yi ba. Gonaki kore shar, shanu farare, ƙauyuka suna wucewa kafin ka ce bisimilla. Tafiyar da ta kusa Damagaram zuwa Ƙwanni, wai awa biyu. Na ce a raina, Yaya, ashe abin da kake so ka kawo mana ke nan. Ba mai magana da ƙarfi, ba mai miƙa wa na kusa abinci. Na miƙa wa wata Baturiya dabino, ta karɓi ɗaya da yatsa biyu kamar zai cije ta.

Mun yi kamar awa guda sai salular Nafisa ta yi ƙara. Ta tashi ta tafi wajen ƙofa. Faransanci ba na ji, amma innalillahi ko da wane harshe aka faɗe ta na san ta. Ta dawo ta zauna ta juya fuska ga taga. Na kama hannunta, ta bar mini shi kamar ba nata ba. Jirgin bai rage gudu ba. Ya shiga Lyon daidai mintin da aka rubuta.

Gidan Yaya yana unguwar Guillotière, inda kantunan Larabawa da na baƙar fata suke, har kuɓewa da manja na gani a bakin titi. Ɗaki uku ne ƙanana. A can ba a binne mutum ranar da ya cika. Sai da ya kwana huɗu a ɗakin sanyi ana jiran takardu, kuma dole a akwati, a wani yanki da aka ware wa Musulmi. An bar ni na gan shi kafin a rufe. Ya rame, gemu fari fat, ya koma Baba. Na durƙusa na faɗi maganata, amma kun san bambancin faɗa wa mutum da faɗa wa gawa.

Zaman makokinsu ma daban. Da rana gidan shiru, kowa yana wurin aiki, sai da yamma a cika, a bar takalma har matakala. Wata maƙwabciya ƴar Aljeriya ta yi ta kawo kuskus a babban kwano. Tsofaffin abokan aikinsa Turawa suka zo da furanni, suka tsaya ba su san inda za su ajiye ba, na karɓa na sa a bokitin wanki. Ɗaya ya yi ta yi mini bayani yana nuna ƙirjinsa, Mariyama ta ce wai yana cewa Mamman ya san lokacin kowane jirgi da ka, ko agogo ba ya dubawa. Wata rana ta fita da ni shan iska kan gadar da ke kusa, na ga kogin da jiragen hayaƙin suka riƙa haurawa, ya fi na Yamai tsoratarwa don gudun ruwansa. Ta nuna mini tudun masaƙan alharini can nesa, ta ce yanzu ba mai saƙa sai don nuni. Duk abin da ya faɗa a kaset yana nan, shi ne kawai babu.

Nafisa tana ba ni abinci, tana nuna mini yadda ake buɗe ruwan zafi, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ba ta zama inda nake.

Sai bayan sadakar bakwai na iya tambayar Mariyama yadda ya cika. Muna kicin mu uku, Nafisa tana wanke kofuna ta ba mu baya. Mariyama ta ce tun safe ya sa aka ɗaga masa gado, aka sa masa hula, aka shafa masa turare. Sha biyu na yi ya ce yanzu sun shigo gar, a ba su minti ashirin. Da aka kira aka ce mun rasa jirgi, ta rasa yadda za ta gaya masa. Da ta faɗa sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Dije ta tsaya gaisuwa," in ji shi.

Ya tambayi wa ya zo, aka ce Alhaji Ɗan Tanin. Ya ce ai ba a tashi a bar Alhaji. Daga nan ya yi ta barci yana farkawa. Gab da la'asar ya ce da Mariyama, "Ki ce mata wanda ya taso ya iso. Ba komai tsakaninmu." Bai cire hular ba.

Wannan ita ce kalmar da ya kamata in faɗa masa ranar da ya shigo gidanmu da taɓon hanya har gwiwa. Na riƙe ta shekara ashirin, shi ya ba ni ita ko nema ban yi ba. Na kifa kai a tebur na yi kukan da ban yi ba a gaban gawarsa.

Da na ɗago na ce, Nafisa, ni an yafe mini, saura ke. Ke kika bar shi kika zo ɗaukata, ni na hana ki dawowa. Ta rufe famfo, ta goge hannu, ta ce ba komai Tanti, ƙaddara ce. Ta fita. Kunnena bai yi ƙarya ba wannan karon, na ji abin da ke ƙarƙashin ba komai ɗin.

Ita ta raka ni har filin jirgi, ta cika mini takardu, ta sa mini magani a jaka saboda ƙafa. Yanzu duk Juma'a ina sa a kira mini ita. Takan ɗauka. Ina kwana, ina gajiya, a gaida mutanen gida, sai ta ce tana wurin aiki. Na san wannan gaisuwar, ni na yi wa ubanta ita shekara ashirin, ya kuma jure bai daina kira ba. Ni ma ba zan daina ba. Sai dai ni ba ni da shekara ashirin ɗin jira.